Tawadar Zamani: Yadda Rubutu Ke Samun Tsari Da Launi A Shafukan Intanet

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alarammomin Kano da Barno ke rubutawa, ya san ba da tawada ɗaya ake gama shi ba. Baƙaƙe da baƙar tawada ake yin su, wasula da ja, hamza ɗigon rawaya ce, alifin da ake sadarwa a karatu kuwa ɗigon kore ake sa masa. Kowane launi da aikinsa, ta yadda kafin harshe ya furta, ido ya riga ya gane irin abin da ke gabansa.

Masu rubuta manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, su ma sun bi irin wannan dabara. Idan mai karatu ya leƙa shafin intanet da ake koyar da harsunan kwamfuta, zai ga umarnin da aka rubuta wa na'ura ya fito launi-launi: wata kalma shuɗiya, wata ja, wata koriya, wani layi kuma toka-toka. Abin sha'awa shi ne, wanda ya rubuta darasin bai zaɓi launi ko ɗaya ba. Shi dai ya buga rubutu tsurarsa, ya ɗan sa alamomi nan da can, sauran aikin na'ura ce ta yi. Wannan maƙala za ta bi sawun irin wannan rubutu tun daga yatsun marubuci har zuwa fuskar wayar mai karatu, domin mu ga wuraren da yake yada zango, da kuma ramukan da ke kan hanya, waɗanda suka taɓa durƙusar da manyan shafuka.

Asalin Markdown

Harshen da ake shirya shafukan intanet da shi sunansa HTML. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago shi wajen shekarar 1990, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa. A wannan harshe komai sai an kewaye shi da alama. In ana so kalma ta yi kauri, sai a rubuta wani suna na musamman cikin alamun < da > a gabanta, a kuma sake rubuta shi a bayanta. Haka ake yi wa kanun magana, da sakin layi, da jerin abubuwa. Burauza, wato manhajar da muke buɗe shafuka da ita, tana jin daɗin wannan tsari. Ɗan Adam kuwa, kafin ya rubuta shafi guda, alamomin sun cinye maganar, har ya kasa karanta abin da hannunsa ya rubuta.

A shekarar 2004 wani marubuci Ba'amurke mai suna John Gruber ya fito da mafita, tare da gudummawar wani matashi, Aaron Swartz. Ya lura cewa masu aika wasiƙa ta intanet sun daɗe da wata al'ada: in suna so su jaddada kalma sai su sa ta tsakanin taurari, in za su jera abubuwa sai su fara kowane layi da ɗan karan ɗori. Sai ya tattara waɗannan al'adu ya mai da su ƙa'ida, ya sa mata suna Markdown, ya kuma rubuta ƙaramar manhaja cikin harshen Perl wadda ke juya irin wannan rubutu zuwa HTML. A ƙa'idar tasa, tauraro ɗaya gaba da baya yana sa kalma ta jirkice, taurari biyu su sa ta yi kauri, alamar # a farkon layi ta mai da shi kanu, alamar > kuwa ta nuna maganar wani ce aka ɗauko. Manufarsa ita ce rubutun ya karantu ko da ba a juya shi ba. Masu amfani da WhatsApp sun san ɗanɗanon wannan, domin a can ma tauraro gaba da baya yana kaurara kalma, kodayake ƙa'idar WhatsApp tata ce, ta ɗan saɓa da ta Markdown.

Sai dai bayanin da Gruber ya rubuta bai warware kowace mas'ala ba, kuma bai sake fitar da sabon zubin manhajarsa ba bayan ƙarshen 2004. Mutane da dama suka rubuta tasu manhajar juyi, kowa da fahimtarsa, har ya zama rubutu ɗaya kan fito da siffa daban-daban gwargwadon shafin da aka sa shi. Domin magance wannan ne a 2014 wasu masana, ciki har da John MacFarlane, farfesan falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka fitar da tsayayyar ƙa'ida mai suna CommonMark, wadda ke ɗauke da misalai fiye da 600 da ake gwada kowace manhaja da su. A 2017 shafin GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya ɗora tasa ƙa'idar a kanta.

Shingen Umarni

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne yadda ake sa umarnin kwamfuta a tsakiyar bayani. Umarni ba kamar zance ba ne: tauraro a cikinsa yana iya nufin sau na lissafi, alamar # kuma tana iya nufin sharhi. Idan manhajar juyi ta ɗauke su a matsayin ado, umarnin ya lalace. A ƙa'idar Gruber ta asali, ana tura layukan umarni ciki da tazara huɗu, sai manhajar ta san ba za ta taɓa su ba. Daga baya aka ƙago shinge: a buɗe da alamar ` sau uku a jere, a rufe da ita sau uku. GitHub ne ya yayata wannan salo. Fa'idarsa babba ita ce, a bakin shingen marubuci yana iya rubuta sunan harshen da ke ciki, misali python ko java. Wannan kalma guda ita ce ke gaya wa mai rini irin tawadar da zai jiƙa.

Ginshiƙin Manhaja

Babu mai fara gina shafin intanet daga tushe a wannan zamani. Akwai shiryayyun kayan aiki da za mu kira ginshiƙin manhaja, waɗanda suka riga suka tanadi karɓar buƙatar mai ziyara, da adana bayanai, da shirya shafi. Misalinsu kamar mai ginin ɗaki ne da ya sami tsaiko a ɗaure, abin da ya rage masa baibaya. Daga cikinsu akwai Ruby on Rails na 2004, da Flask na 2010, da kuma Django, wanda da shi za mu yi misali. An rubuta Django da harshen Python a ofishin wata jarida, Lawrence Journal-World, a jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga jama'a kyauta a 2005.

A ce wani malami ya rubuta darasi da Markdown a shafin da aka gina da Django. Da farko ana adana rubutun yadda ya buga shi a rumbun bayanai. Idan ɗalibi ya nemi darasin, Django zai ɗauko shi ya miƙa wa manhajar juyi, misali Python-Markdown. Ita kuma za ta bi shi layi-layi tana rarrabe kanu da sakin layi da jeri, sannan ta koma cikin kowanne ta nemi kalmomin da za a kaurara ko a jirkita. Da ta iso shingen umarni sai ta tsaya, ta miƙa abin da ke ciki ga wata manhaja dabam, wadda rini ne sana'arta. Abin da ya fito daga hannun su biyun shi ake zubawa cikin ƙirar shafi a aika wa ɗalibi.

Yadda Ake Rinin

Rina umarni da launi ya girmi intanet ɗin da muka sani. Ɗaya daga cikin manhajojin farko da suka yi wannan aiki ita ce LEXX, wadda Mike Cowlishaw na kamfanin IBM ya rubuta a 1985. Abin mamaki, ba don masu rubuta manhaja aka yi ta ba. An yi ta ne don editocin babban ƙamusun Ingilishi na Oxford, lokacin da ake shigar da shi kwamfuta domin bugu na biyu, wanda ya fito a 1989 cikin juzu'i 20.

A duniyar Python, sanannen marini shi ne Pygments, wanda Georg Brandl ya fara a 2006, kuma ya san harsuna da tsare-tsaren rubutu fiye da 500. Bari mu ba shi wannan ɗan umarni mu ga abin da zai yi:

    # gwajin shekaru
    if shekaru >= 18:
        print("Ka isa zaɓe")

Aikinsa na farko shi ne rarrabewa, kamar yadda mai tsintar wake ke ware tsakuwa da ƙaiƙayi. Yana farawa daga harafin farko, yana gwada abin da ke gabansa da jerin siffofin da aka koya masa na harshen Python. Layin da ya fara da # sharhi ne, wato bayanin da marubuci ya bar wa ɗan'uwansa mutum, na'ura ba ta aiki da shi. Kalmar if tana cikin keɓaɓɓun kalmomin harshen. Shekaru suna ne da marubuci ya raɗa. Alamar >= ta gwaji ce, 18 lamba ce, print kuma aiki ne da harshen ya zo da shi. Da ya ga alamar zance ta buɗe, sai ya canja hali: duk abin da ya biyo baya saƙo ne, ko da kalmar if ce ta sake bayyana a ciki, har sai alamar ta rufe.

Bayan rarrabewa, kowane guntu ana naɗe shi cikin alamar HTML, a liƙa masa ɗan laƙabi: k ga keɓaɓɓiyar kalma, mi ga cikakkiyar lamba, c1 ga sharhin layi ɗaya. Har zuwa nan babu launi ko kaɗan. Launin yana cikin wata takarda ta dabam da aka rubuta da harshen CSS, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994. Ita ce ke cewa duk mai laƙabin k a yi shi kore, duk mai laƙabin c1 a yi shi toka-toka. Hikimar wannan rabon aiki ita ce, in aka sauya takardar nan guda, dubban darussa za su sauya kama a take, daga farin shafi zuwa baƙi, ba tare da an taɓa rubutun ba.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa marinin bai fahimci umarnin ba. Siffa yake bi. Umarnin da ke cike da kuskure shi ma yana fitowa da kyawawan launuka. Haka kuma, in marubuci bai faɗi sunan harshe a bakin shinge ba, sai manhajar ta yi kirdado, kuma a kan gajeren rubutu kirdadon yakan kuskure, domin harsuna da yawa sun yi kama da juna.

A Ina Ake Rinin?

Hanyoyi biyu ne. Ko dai a yi rinin a babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wato saba, kamar yadda Pygments ke yi, ko kuwa a aika rubutun ba launi tare da manhajar rini, wayar mai karatu ta yi aikin da kanta. Ta hanya ta biyu ake yawan amfani da highlight.js, wadda Ivan Sagalaev ya fara a 2006, da Prism, wadda Lea Verou ta fitar a 2012. Hanya ta biyu tana rage wa saba nauyi, amma tana ɗora shi kan mai karatu: sai ya sauke ƙarin kaya da datarsa, kuma in wayarsa ƙarama ce ko sabis ya yi rauni, zai ga rubutun ya fito fari da baƙi kafin launin ya biyo baya. Hanya ta farko ta fi sauƙi ga irin wannan mai karatu, musamman in an yi juyin sau ɗaya aka ajiye sakamakon, maimakon a maimaita shi ga kowane mai ziyara.

Shin Launin Yana Da Amfani?

Masana sun gwada, kuma amsarsu ba ta zo ɗaya ba. A 2015 Advait Sarkar na Jami'ar Kambirij ya yi gwaji da mutum 10, yana bin motsin idanunsu da na'ura. Ya ga sun fi saurin gane umarni mai launi, kuma amfanin yana raguwa gwargwadon ƙwarewar mutum. A 2018 kuwa Christoph Hannebauer da abokan aikinsa a Jamus suka buga sakamakon gwaji da ɗalibai 390, ba su kuma sami shaidar cewa launi ya ƙara wa ɗaliban fahimta ba. Ana iya cewa launi yana sauƙaƙa wa ido neman abu, alal misali alamar zance da aka manta ba a rufe ba, wadda kan sa duk layukan da ke ƙasa su rine da launi ɗaya. Fahimta kuwa sai da karatu. Bugu da ƙari, akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, kuma matsalar ta fi yawa ga maza. Saboda haka ƙa'idojin hukumar W3C suka nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, kuma kada a dogara ga launi kaɗai wajen isar da ma'ana.

Ramin Da Ke Kan Hanya

A nan ne maganar ta wuce ado ta koma amana. Ƙa'idar Markdown ta asali ta yarda marubuci ya cusa HTML tsurarsa cikin rubutu, manhajar juyi ta bar shi ya wuce. In mai shafi ne kaɗai ke rubutu, babu laifi. Amma in an buɗe wa kowa ƙofa, mugu yana iya cusa umarnin JavaScript, wato harshen da burauza ke aiwatarwa. Duk wanda ya buɗe shafin, umarnin zai yi aiki a burauzarsa da sunansa: yana iya aika saƙo a madadinsa, ko ya sace shaidar shigarsa.

An ga aikin irin wannan hari a watan Oktoba na 2005, a dandalin MySpace. Wani matashi ɗan shekara 19, Samy Kamkar, ya sami hanyar zille wa matatar dandalin, ya sa umarni a shafinsa. Duk wanda ya leƙa sai ya zama abokinsa ba da saninsa ba, umarnin kuma ya kwafi kansa zuwa shafin wanda ya leƙa. Cikin sa'o'i 20 abin ya kama mutum fiye da miliyan ɗaya, har sai da aka rufe dandalin aka yi gyara. MySpace ba da Markdown yake aiki ba, amma cutar ɗaya ce: an nuna wa jama'a rubutun baƙo ba tare da an tace shi sosai ba.

Django yana da kariya a kan haka. Tun zubinsa na 2008, duk rubutun da za a zuba a shafi ana kashe kaifin alamominsa, su fito a matsayin haruffa kawai. To amma abin da manhajar juyi ta fitar HTML ne da ake so ya yi aiki, don haka dole mai gina shafi ya gaya wa Django cewa wannan amintacce ne, a ɗauke masa kariya. Ka ga ke nan da hannunsa ya zare sakata. Damuwa kan tsaro ce ta sa Django ya cire sashensa na juya irin wannan rubutu a 2013, Python-Markdown ita ma ta cire nata tsarin kariya a 2018, ta ce a nemi matata ta musamman.

Matatar kirki, irin su nh3 a Python ko DOMPurify a burauza, ba ta ƙoƙarin lissafa miyagun alamomi, domin mugunta ba ta lissafuwa. Tana riƙe da jerin alamomin da aka yarda da su ne, duk wanda ba ya ciki ta zubar. Kuma jeri yana da muhimmanci: a juya tukuna, sannan a tace. In aka tace kafin juyi, za a ɓata alamar > da misalan umarni, kuma muguwar mahaɗa da aka rubuta da salon Markdown za ta wuce, domin sai bayan juyi take bayyana. Haka nan dole a sanar da matatar laƙuban rini, in ba haka ba ta share su, darasi ya fito ba launi.

Rami na biyu shi ne siffofin nan da ake gwada rubutu da su. In ba a tsara su da kyau ba, wani rubutu kan sa na'ura ta yi ta komawa baya tana sake gwaji. Ranar 20 ga Yulin 2016, shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke tambaya da amsa, ya tsaya cak na minti 34. Dalili shi ne wani rubutu mai ɗauke da tazara kusan 20,000 a jere. Siffar da aka sa ta share tazarar ƙarshen layi sai da ta yi gwaji kusan sau miliyan 200 a duk lokacin da aka buɗe shafin farko. Tunda marina irin su Pygments da irin waɗannan siffofi suke aiki, mai hankali yakan iyakance tsawon rubutun da zai karɓa da lokacin da zai ba aikin.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai wata matsala da ta shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna wucewa lafiya cikin rubutu muddin an bi tsarin UTF-8 tun daga rumbun bayanai har zuwa shafi. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen ƙirƙirar adireshi daga kanu. Django da Python-Markdown, in ba a ba su wani umarni ba, suna mai da kanu zuwa haruffan Ingilishi zalla. Harafi mai ɗigo ko kara a sama irin na Faransanci ana cire masa adon ya saura. Amma ƙ ba k ce mai ado ba a lissafin Unicode, harafi ce mai zaman kanta, don haka ake zubar da ita ɗungurungum. Sai ƙasa ta koma asa, ɗaki ya koma aki. Duka manhajojin biyu suna da zaɓin da ke barin haruffan kowane harshe, sai dai mai gina shafi ya san da shi ya kunna.

Kammalawa

Mun ga rubutu yana yada zango sau uku kafin ya iso gare mu: juyi daga Markdown zuwa HTML, rini na abin da ke cikin shinge, da tacewa. Na farko da na biyu su ido ke gani, su kuma ake yabo. Na uku babu mai ganinsa sai ran da aka manta da shi. Ɗalibin da ke koyon gina shafi yana iya haɗa na farko da na biyu cikin layuka kaɗan a yini guda, ya ga launuka sun fito, ya ɗauka aiki ya kammala. Kafin ya buɗe shafin ga jama'a, ya dace ya zauna ya gwada shi da kansa: ya cusa masa umarnin JavaScript, ya ba shi layi mai tsawon gaske, ya kuma rubuta kanu da ƙ da ɗ, ya ga abin da zai fito. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.